Ƙofar da Rabi Ta Rufe

Mu shida ne a tsakar gidan ran nan. Akwai ni. Akwai Malam mai gidana, yana zaune kan buzunsa a inuwar dalbejiya. Akwai ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa na yanka, mutane dai Ɗanlami suke ce masa, dillalin shanu ne. Akwai matarsa Ladidi a bakin madafi, tana tankaɗe tana yi kamar kunnenta ba ya wurin. Akwai Alhaji Manaja, shugaban wurin aikin 'yata, wanda ya taso musamman daga Kano don ya kawo mana ƙararta. Sai ita Rabi, autata, tana durƙushe kusa da randa, jakar aikinta a gefe.

A cikin shidan nan biyu sun riga mu gidan gaskiya. Malam ya yi shekara uku. Rabi kuwa a watan nan take cika shekara bakwai cif, shi ya sa na ce a rubuta wannan a kai jarida. Allah ya jiƙansu, ya haskaka makwancinsu.

Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba na gane shi. Ɗanlami ne ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na gaya masa kada ya rage mini ko kalma ɗaya, har wuraren da maganar za ta taɓa shi. In mun gama kuma Ladidi za ta karanta mini in ji ko ya yi mini kwaskwarima.

Ban kasance uwa mai wasa da 'ya'ya ba, unguwarmu a Rano kowa ya sani. Ban iya lallashi ba, ban iya yabo ba. Abin da na iya shi ne sa ido. Na san wanda ya shigo gidana, na san abin da ya fita da shi, na san yaron da zai yi ƙarya tun bai buɗe baki ba. A cikin 'ya'yana Rabi ce ta ɗauko wannan hali, sai dai ita nata da murmushi a kai. Tun tana ƙarama in ta fita daga ɗaki sai ta ja ƙyaure a bayanta, ko da rana tsaka, ko ba komai a ɗakin sai tabarma. Da ta gama sakandare ta ce karatun kwamfuta take so. Malam ya yarda, ni na yi shiru, shirun nan kuwa shi ne iyakar yardata. Ta je Kano ta yi shekarunta, ta dawo ta samu aiki a nan gida, a wani kamfani da ke sayen madara a hannun makiyaya yana kuma yi wa shanunsu allura. Ba zan kama sunansa ba.

A ƙuryar ofishinsu akwai wani ɗan ɗaki mara taga, a ciki akwai wata baƙar na'ura mai ƙyafta koren ido ba hutawa. Saba suke ce mata. Sau ɗaya Rabi ta kai ni na gan ta. Na ce, wannan abar ce take hana ki cin abinci a kan lokaci? Ta yi dariya ta ce ita ce. Ta yi mini bayani cewa a cikinta akwai wani shafi na ma'aikata su kaɗai. Mai allura ya buɗe ya rubuta rugar da ya je, mai ɗaukar madara ya buɗe ya ga inda zai bi gobe. Sunan kowane mai ruga yana ciki, da hanyar gidansa, da hotunan shanunsa, da yawansu. Aikinta shi ne ta kula da wannan na'ura.

A kan yawan shanun nan ne na shiga cikin maganar. Duk wanda ya zauna da Fulani ya san ba a tambayar makiyayi shanunsa nawa. Wasu sun ce gudun baki ne, wasu sun ce tun zamanin jangali, harajin shanu, abin ya zauna musu. Ko ma mene ne, ba sa faɗa. Kamfani kuma yana so ya sani don ya san yawan maganin da zai kawo. Ma'aikata suka yi ta zuwa, a ba su nono su sha, a ce musu sai an duba. Wata guda ana haka. Ran nan sai Rabi ta zo ta durƙusa gabana ta ce, Iya, ki raka ni wurin Inna Kumbo.

Kumbo ƙawata ce tun ina amarya. Rugarsu tana bayan Fammar, a ƙasar Kibiya. A ɗakina take sauke ƙwaryarta in ta shigo tallan nono, a nan take sallar azahar, a nan take ɗan runtsawa kafin ta koma. Da na haifi Rabi, man shanun Kumbo aka shafa mata a maɗiga. Shekara arba'in ba ta taɓa roƙona komai ba, ni ma ban taɓa roƙonta ba, sai ran nan.

Muka je. Mijinta Malam Buba ya saurari Rabi har ta gama, yana dogare da sandarsa. Tambaya ɗaya ya yi: "Wa zai gani?" Rabi ta ce, "Ma'aikatanmu kaɗai, Baffa." Bai kalle ta ba, ni ya kalla. Na ce masa, abin da ya shiga hannun 'yata ya shiga cikina, in ya fita ni za ku tambaya. Sannan ya kira ta gefe ya raɗa mata adadin. Ya bari kuma aka ɗauki hotunan. Da labari ya bazu cewa Buba ya faɗa, sauran rugagen suka bi, tun daga wajen Durba har Zinyau. Ba takardar kamfani suka gani ba. An ce musu ne uwar Rabi ta tsaya.

Abin da ni ban sani ba, ita ma a lokacin ba ta gama sani ba don sabuwa ce a wurin, shi ne waɗanda suka kafa na'urar tun farko sun bar ta a buɗe ta waje. Sun yi haka ne don Manaja ya riƙa duba aiki daga gidansa a Kano. Kalmar sirri kuma guda ɗaya ce ta kowa da kowa, har an rubuta ta a bayan kalandar ofis don kada a manta. Duk wanda ya san adireshin shafin ya kuma san kalmar, ko a ina yake a duniya, zai shiga. Da Rabi ta gano, ta yi magana sau biyu, aka ce mata ta bari sai an samu lokaci. Na lura a kwanakin tana tsakurar abinci. Ni da nake taƙamar sa ido, sai na ɗauka maganar samari ce.

Nan ne zan faɗi nawa laifin. Ɗanlami ya ji labarin shafin a kara, kasuwar shanu. Dillali kuwa in ya san wa ke da shanu da yawa, wa ke da marasa lafiya da zai so ya rabu da su, ya gama cin kasuwa. Ya tambayi ƙanwarsa, ta ce, "Yaya, ba nawa ba ne." Ya kawo mini ƙara. Ni kuma na kira ta na wanke ta tas. Na ce tun yaushe ƙanwa take hana yayanta abu a gidan nan? Mu a tasowarmu, abin da ba ya raguwa in an bayar ba a hana shi. Maƙwabciya ta zo ɗiban wuta, ki ba ta, taki ba ta mutu ba. Ta zo aron rariya, ki ba ta. To kallo fa, in ya kalla me ya ragu? Haka na ce mata. Wallahi ban haɗa wannan da alkawarin da na yi a ruga ba. A kaina, wancan maganar Fulani ce, wannan kuma maganar ladabin gida. Rabi ta sunkuyar da kai har na gama, amma ba ta bayar ba. Kwana uku in ta gaishe ni, "lafiya" kawai nake cewa in kau da kai.

Shi kuma Ɗanlami bai sha wahala ba. Wani abokin majalisarsa da ke ɗaukar wa kamfanin madara a babur ya ba shi kalmar, kamar yadda ake miƙa goro.

Bayan 'yan makonni na je kasuwar Kibiya sayen tukunya. Ina wucewa ta bayan kara, kusa da teburin mai shayi, sai na ga wasu mutum biyu sun haɗa kai a kan waya. Ban san fuskarsu ba, ni kuwa ba na manta fuska. Ban iya karatu ba, amma ido ba ya bukatar makaranta kafin ya gane saniya. Jar saniyar Kumbo ce a fuskar wayar, mai ƙaho ɗaya da ya lanƙwasa ƙasa, a bayanta kuma ga zanen da na ba Kumbo da hannuna an shanya a kan shinge. Na tsaya na duƙa kamar ina gyara takalmi. Ɗayan yana karanta wa ɗayan: sunan Buba, da yawan shanun, da inda ake ratsewa bayan rafi. Ba zan faɗi adadin ba. Ban faɗa a lokacin ba, ba zan faɗa a jarida ba. Na ɗago na ce, bayin Allah, daga ina? Suka ce daga nesa, suka sa wayar a aljihu. Shekarun nan kuwa ba abin da ake ji sai labarin an kore garke a can, an kore a nan. Ban ce ɓarayi ba ne, Allah ne ya san ko su wane ne.

Ban sayi tukunyar ba. Na shiga mota na dawo Rano, na tarar Rabi ta zo sallar azahar. Na gaya mata abin da na gani. Ta ce, "Iya, kin tabbata?" Na ce, na taɓa gaya miki abin da ban gani ba? Ta buga wa Manaja waya sau uku a gabana, bai ɗauka ba. Ta zura hijabinta ta fita, ko abincin ba ta taɓa ba.

Abin da ta yi da yammacin nan, daga baya ta yi mini bayaninsa har na gane. Ashe na'urar tana riƙe sawun duk wanda ya shigo. Da ta duba sai ta ga masu shigowa daga waje sun fi ma'aikatan yawa, wasu ma daga garuruwan da kamfanin ba shi da kowa. Sai ta toshe hanyar waje gaba ɗaya, shafin ya daina buɗewa sai a kwamfutocin da ke cikin ginin ofis. Ta soke kalmar nan ta bayan kalanda, ta yi wa kowane ma'aikaci tasa da sunansa, yadda in abu ya fita za a san ta hannun wa. Masu aikin daji da shi Manaja kuma ta ce za ta haɗa musu wata 'yar siririyar hanya mai tsaro, wadda ba ta aiki sai a wayar da aka yi wa rajista, amma wannan sai an ɗauki kwanaki. Rashin sa'a, washegari Manaja yana da manyan baƙi a Kano da zai nuna wa aikin. Ya buɗe waya a gabansu, ba komai.

Alhaji Manaja mutumin kirki ne, ba zan ci zarafinsa ba. Ya yi abin da manya suke yi a nan ne: maimakon ya ba ta takardar gargaɗi a ofis, sai ya zo wurin iyaye, don an gaya masa uwar yarinyar ba ta magana biyu. Malam ya ce a shigo da shi ciki tunda da uwa yake son magana. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa, ya sha ruwa.

Ya ce, "Malam, Iya, 'yarku tana da ƙoƙari, amma ta kunyata ni. Ni da wurina a rufe mini ƙofa ba a tambaye ni ba? Ku yi mata magana ta mayar da abu yadda yake."

Malam ya dubi Rabi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban ɓata komai ba. Duk wanda ke cikin ofis yana gani. Kai ma ka ba ni kwana biyu in haɗa maka taka hanyar, a wayarka kaɗai."

"To ni baƙo ne? Ko ɓarawo kika mayar da ni?"

"Na'ura ba ta san fuska ba, ranka ya daɗe. Inda kake shigowa daga Kano, nan kowa yake shigowa."

Ɗanlami ya yi dariya ya ce, "Ka ji ta ko, Alhaji? Haka take mana a gida. Injiniyar Iya ke nan, ko gishiri ka roƙa sai ka cike fom."

Kowa ya juyo yana kallona, ana jiran in tsawatar mata kamar yadda na saba. Na ce wa Ɗanlami, kai, ɗauko wayarka ka buɗe mini shanun Buba in gani.

Ya ce, "Iya, ai ta rufe."

Na ce, ashe da can kana buɗewa.

Tankaɗen Ladidi ya tsaya. Na ce wa ya ba ka? Ya faɗa. Na ce kai wa ka ba? Ya ce mutum biyu ne kawai, abokan sana'a. Na ce su kuma wa suka ba? Na ce to ni na ga waɗanda suka ba. Ba ka san su ba, ni ma ban san su ba, amma sun san inda ake ratsewa bayan rafi.

Sannan na juya ga baƙon. Na ce, Alhaji, kai ba ka je rugar nan ba. Buba bai san sunan kamfaninka ba, mutanen Rabi yake ce muku. Ni ya kalla kafin ya faɗi abin da ko ɗan cikinsa bai taɓa ji daga bakinsa ba. Wurinka ne, in ka ga dama ka sa a buɗe, in ka ga dama ka kore ta. Amma ranar da aka buɗe, da ƙafata zan bi ruga ruga in gaya musu na janye bakina.

Rabi ta zaro wasu takardu daga jaka ta miƙa masa da hannu biyu, sawun masu shigowar ne ta buga. Ya daɗe yana dubawa, yana bin layi da yatsa. Ya yi salati a hankali. Ya ce, "Duk waɗannan?" Ta ce duka. Ya ninke takardun ya sa a aljihu, ya ce, "Kwana biyu kika ce?" Ta ce kwana biyu. Ya tashi ya yi mana sallama, Malam ya raka shi.

Aka bar ni da ita. Tana nan durƙushe kusa da randa, idonta a ƙasa. Na san abin da ya kamata in ce. Yana nan a bakina, ina jin nauyinsa. Abin da ya fito shi ne, tashi ki ci abinci, tuwo ya huce. Iyakar abin da na ce ke nan. Ta ce to, Iya. Ta tashi.

Mai rubutun nan ya ajiye biro ya fita waje, na jira shi har ya dawo. Zan faɗa a madadinsa tunda shi ba zai rubuta da kansa ba. Wata guda ya yi ba ya yi mata magana, sannan ran nan ya shigo da tsire ya ajiye mata a bakin ƙofa. Da ta yi aure a shekarar da ta biyo, shi ya tsaya kan komai. Da zazzaɓin nan ya kama ta da damina, shi ya yi ta jigila da ita asibiti kwana tara, shi ne kuma ya shiga kabari ya karɓe ta. Yau ko lambar wayar mutum ka tambaye shi a kara, sai ya ce bari ya tambayi mai ita tukuna. Abokansa suna yi masa tsiya, ba ya kulawa.

Nakan zauna in ce, da Rabi tana nan me za ta ce da wannan zamani? Yanzu kowane mako sai ka ga wasu sun zo da waya da takardu, an ce za a ba da tallafi, mata sun yi layi. A ɗauki hotonki, a karɓi lambar katinki, a rubuta 'ya'yanki nawa, gonarki a ina. Kowa yana miƙawa yana godiya. Ban taɓa jin mace ɗaya ta yi tambayar da makiyayin nan da bai yi boko ba ya yi: wa zai gani? Ni nakan tambaya. Sai a yi dariya a ce tsohuwa da tsanani. Jikokina ma har cikin ɗakina suke ɗauka a waya su watsa, gadona da kwanukana, mutanen da ban taɓa gaisawa da su ba sun san launin labulena. Na san Rabi ba za ta ce a jefar da wayoyi ba, don ita tana son kayan nan kamar 'ya'yanta. Za ta zauna ne ta tambaya, cikin sanyin nan nata, su wa ke da makulli, su nawa ne, in ɗayansu ya ba wani za a sani? In ba a ba ta amsa ba, ta sake tambaya.

Ba ta bar ɗa ba. Na ji da kunnena a wurin zaman makoki wata tana cewa, kaico, yarinya ta tafi ba ta bar komai ba. Ban tanka ba don ba wurin tankawa ba ne. Amma a ranar uku matan ruga suka cika gidan nan da ƙore, wasu ban taɓa ganinsu ba, sun tako tun daga bayan Durba. Wanda ya gaje ta a aikin kuma yakan zo gaishe ni da salla. Ya ce har yau tsarin yana nan yadda ta bar shi, ma'aikata ƙofar Rabi suke ce masa. In sabon shugaba ya zo ya ce ana wahala, a buɗe ta waje a huta, sai tsofaffin wurin su ba shi labarin kasuwar Kibiya. Ban ce ita ta tsare shanun kowa ba, Allah ne mai tsarewa. Abin da ya riga ya fita ma rufewarta ba ta dawo da shi ba. Amma an ba ta amana, shugabanta ya ce ta sassauta, yayanta ya ce ta sassauta, uwar da ta haife ta ta ce ta sassauta, ta ƙi, ba tare da ta ɗaga wa ɗayanmu murya ba. Na ga masu 'ya'ya goma da ba su bar kamar wannan ba.

Shekara biyu ta rayu bayan ranar nan, kullum ina cewa zan gaya mata in an samu lokaci. Kai, rubuta da kyau, da manyan baƙaƙe in ana yi. Rabi, kin yi daidai. Ni ce na yi kuskure.

Saura abu ɗaya. Washegarin zuwan Manaja, da gari ya waye na idar da lazimi, na yafa mayafi ban gaya wa kowa inda za ni ba. Na shiga mota zuwa Fammar, daga nan na taka. Na tarar Kumbo tana tatsa. Ta ce, "Uwar Rabi, lafiya da sassafe haka, ba aike?" Na ce ba lafiya ba. Na tsuguna kusa da ita na gaya mata komai, tun daga bayan kalanda har teburin mai shayi, ban ɓoye sunan ɗana ba, ban ɓoye faɗan da na yi wa Rabi ba. Malam Buba yana tsaye daga nesa yana ji. Ya ce a makon nan zai kai garken wurin ɗan'uwansa sai bayan kaka. Bai kalle ni ba, ya ɗauki sandarsa ya shiga cikin shanu.

Kumbo ta ci gaba da tatsa, ba abin da ake ji sai ƙarar madara a ƙwarya. Na ɗauka shekara arba'in ɗin nan sun ƙare ke nan. Can ta ce, "Wa ya buɗe?"

Na ce ɗana.

"Wa ya rufe?"

Na ce 'yata.

Ta ce, "Ke kuma kin tako."

Ta tashi ta shiga bukka, ta fito da ɗan ƙoƙo an rufe shi da faifai. Man shanu ne sabo. Ta ɗora mini a hannu ta ce, "Ba naki ba ne. Ki kai wa mai rufewa."

Na riƙo shi a cinya har Rano. Rabi ta riga ta tafi aiki. Na shiga ɗakinta na ajiye mata a kan akwati, na fito, na ja mata ƙyauren.